Ba kowane hoton ban dariya ba ne mim

Malam Sambo Gawon Nama:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da ƙorafi, kuma na san samarin gidan nan za su taso mini. Kwanan nan duk hoton da ya shigo guruf ɗin nan sai an rubuta masa “sabon meme” a ƙasa. Tulin kankana a bakin titi, meme. Ɗan kabu-kabu ya ɗauko buhu huɗu da rago, meme. Jiya har katin ɗaurin aure na ga wani ya manna wa fuskar dariya ya kira shi meme. In komai meme ne, to kalmar ta tashi aiki ke nan. Ilimin halittu nake koyarwa a sakandare, kuma daga fagenmu kalmar ta fito, shi ya sa abin ke yi mini ciwo.

Bashar Mai Caji:
Wa alaikumus salam Malam. Daga fagenku kuma? Wallahi ni na ɗauka Facebook ne ya haife ta 😂

Goggo Luba Mabera:
Ni kahin ku yi nisa, ƙaƙa ma aka hwaɗinta? Ɗiyana “mim” nika jin suna cewa, ni ko me-me nika karantawa.

Dikko Arkilla:
Goggo, wanga ai kukan akuya na. Ja ma kuwa, 'yar garin ga.

Goggo Luba Mabera:
Kai dai Dikko, ka zaka gida ka ishe ni.

Malam Sambo Gawon Nama:
Yaran ne da gaskiya, Hajiya, mim ake cewa. Wani Bature masanin halittu na Jami'ar Oxford, Richard Dawkins, shi ya ƙirƙiro ta a littafinsa The Selfish Gene da ya fito a 1976. Shekarar da aka ƙirƙiro jihar Sakkwato ke nan, kun ga sa'o'in juna ne. Facebook sai 2004 ya zo, WhatsApp kuwa 2009.

Littafin a kan ƙwayoyin gado yake magana, waɗanda ke kwafar kansu daga iyaye zuwa 'ya'ya har ka ga yaro ya ɗauko hancin kakansa. A babin ƙarshe na bugun farko sai ya yi tambaya: ban da ƙwayar gado, akwai wani abu a duniya da ke yaɗuwa ta hanyar kwafi? Ya ce akwai, al'ada. Ita ba jini take bi ba, daga kan wannan take tsallakawa zuwa kan wancan ta hanyar kwaikwayo. Misalan da ya kawo su ne karin waƙa, ra'ayi, kalmar da ake yayi, salon sutura, yadda ake gina tukunya, da yadda ake ɗaura baka a gini, irin bakan gizon da ke tsofaffin sorayenmu. Ya ɗauko kalmar Girkanci mai nufin abin da aka kwaikwaya, ya datse ta ta koma gaɓa ɗaya don ta yi kama da sunan ƙwayar gado a Turanci, wato gene, da ake furtawa “jin”. Babu hoto a maganar, babu dariya.

Bashar Mai Caji:
Tukunya kuma? Ashe magina tukwane sun riga mu shiga harkar.

Sadiya Minannata:
Allah ya gafarta Malam, in haka ne ai mu masu karatun Hausa a Jami'ar Danfodiyo mun daɗe da abin nan a hannu, suna ne kawai ya bambanta. Akwai yayi, na sutura da kwalliya da aski. Akwai sara, wato maganar da za ta ɓullo gari ya ɗauka, yara da manya, bayan ɗan lokaci ta mutu wata ta maye gurbinta. Amma misalin da ya fi kama da bayaninka a wurina karin magana ne. Mutanen da suna cewa: abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Falke fatauci yake yi, jaki yake nema. Da zamani ya kawo 'yan sanda, sai ga wata: abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Rabin farko yana nan bai motsa ba, rabin baya aka sauya ya dace da lokaci. Kuma ba wanda zai iya nuna maka mutumin da ya fara sauyawar.

Dikko Arkilla:
Abin nema ya samu, matar Bashar ta haihi janareto.

Bashar Mai Caji:
Allah shi sa da mai a ciki.

Nasiru Tudun Wada:
Abin nema ya samu, matar mai ƙanƙara ta haifi watan Afrilu.

Malam Sambo Gawon Nama:
Yauwa! Abin da kuka yi yanzun nan a gabana, shi ne mim. Sadiya ta ajiye abu, Dikko ya ɗauka ya sauya, Nasiru ya ga na Dikko ya yi nasa, kuma duk wanda ya karanta ya san daga tushe ɗaya suka fito. Hoton kankana kuwa mutum ɗaya ya turo, uku suka yi dariya, ya mutu a nan. Wa ya kwaikwaye shi?

Malam Lawali Ƙofar Rini:
Malam Sambo, ka yi mini haƙuri in tsoma baki. Wanga Dawkins ba shi na mutumin da bai yarda da samuwar Allah ba? Na ji har littahi ya rubuta a kai. Mi za shi sa mu ɗauki kalma daga bakinai mu riƙa tauna?

Malam Sambo Gawon Nama:
Shi ne, Malam, ba zan ɓoye ba. A cikin babin nan ma ya sa imani da Allah a jerin misalansa, daga baya ya rubuta maƙala yana kwatanta addini da cutar da ke kama tunani, a 2006 kuma ya fitar da The God Delusion. Wannan mun watsar masa da kayansa. Amma cewa ɗan Adam yana kwaikwayon ɗan'uwansa, kuma abin da ake kwaikwaya yana sauyawa a hanya, ai ba mallakarsa ba ce, Sadiya ta nuna kakanninmu sun sani. Kuma ko a wurin masana kimiyya ra'ayin bai yi ƙarko yadda masoyansa suka so ba. An buɗe mujalla ta musamman don nazarin mim a 1997, zuwa 2005 ta rufe. Matsalar ita ce ƙwayar gado ana iya ciro ta a ɗakin gwaji a auna ta. Mim fa? Waƙar gaba ɗaya ce mim ɗin, ko amshin, ko layi ɗaya? Ba a taɓa daidaitawa a kai ba.

Malam Lawali Ƙofar Rini:
To na ji. Amma ina son yaran ga su lura da abu guda. Mu nan garin ilimi ya yaɗu baki da baki shi ma. Nana Asma'u ta rubuta waƙoƙi, jajis, wato malamai mata almajiranta, sunka hardace, sunka kai ma mata ƙauyuka. Sai dai su ƙoƙarinsu kar a sauya ko harahi, kuma a san daga wa abin yah hito. Wanga naku ko, daɗinai a sauya shi, kuma ba a san ubanai ba. Kar wani shi haɗa su wuri guda don dut yaɗuwa suka yi.

Sadiya Minannata:
Wannan bambancin zan rubuta shi in ajiye, Malam. Na gode.

Nasiru Tudun Wada:
Malam Sambo, na yarda da rabin maganarka, rabi kuma ina ja. Kalma ba ta zama inda mai ita ya ajiye ta. Tun 1994 wani lauya a Amurka, Mike Godwin, ya yi amfani da ita a mujallar Wired yana nufin ra'ayoyin da ke yaɗuwa a intanet. A 1996 aka yi ta tura wa juna wani jariri na kwamfuta mai rawa ta imel. Wajen 2007 hotunan kyanwoyi da aka rubuta wa gurɓataccen Turanci suka cika ko'ina, kuma daga irinsu ne jama'a suka saba da cewa mim hoto ne mai rubutu sama da ƙasa. Shi kansa Dawkins a 2013, a wani taro a Cannes ta Faransa, ya ce mim na intanet fashin ra'ayinsa na asali aka yi, don nasa da kuskuren kwafi yake sauyawa, na intanet kuwa da gangan mutane ke sauya shi. Ka ga ko mai kalmar ya san ta kuɓuce masa. To don me za mu tsare Bashar da ma'anar 1976?

Malam Sambo Gawon Nama:
Ban tsare shi da ta 1976 ba, ɗana. Ko ta yau ɗin ma bai cika ba.

Nasiru Tudun Wada:
A nan kam kana da gaskiya. Wata mai bincike, Limor Shifman, a littafinta Memes in Digital Culture, ta raba abu biyu da muke cakuɗawa. Akwai abin da ya yaɗu kawai: bidiyo ɗaya, miliyoyi sun kalla sun tura, amma yana nan yadda yake. Akwai kuma mim, wanda ba guda ɗaya ba ne, tari ne na abubuwa masu kama da juna da mutane daban-daban suka yi, kowa yana sane da na sauran. Ku tuna hoton nan na saurayin da ke tafe da budurwarsa ya waiga yana kallon wata mai jar riga. Wani mai ɗaukar hoto a Sifaniya, Antonio Guillem, ya ɗauke shi a 2015 don sayarwa ga masu talla. Shekara biyu yana nan hoto ne kawai. A 2017 ne mutane suka fara rubuta suna a jikin kowane ɗaya daga cikin ukun, sannan ya zama mim.

Bashar Mai Caji:
Wannan ai na yi nawa da azumin bara. Saurayin na rubuta masa “mai azumi”, budurwar “kunu”, mai jar riga “ruwan ƙanƙara”. Wani abokina ya mayar da shi ɗalibi da littafi da TikTok. To yanzu na gane. Hoton tanda ne, kowa ƙullunsa yake zubawa, masa dai ta fito da siffa ɗaya. Na kankana na janye shi. Amma Malam, gaskiya in na ce wa yaran shago “ga hoton ban dariya” sai su ga kamar tsoho ke magana. Meme ta fi saurin faɗa.

Sadiya Minannata:
Sara ta fi ta gajarta a baki, Yaya Bashar, kuma tamu ce.

Bashar Mai Caji:
In na ce zan turo miki sara, gudu za ki yi, ki ɗauka da adda nake tafe.

Hajiya Kulu Mai Atamfa:
Salamu alaikum. Na karanta dut abin da kunka rubuta. Yayi kam na san shi, da shi nika ci da ɗiyana. Amarya guda ta sa wani leshi ga biki, kahin sati biyu kowa shi shika tambaya ga shago. In ya ƙare ka kawo wanda ya hi shi kyau, a ce a'a Hajiya, wancan dai.

Amma ni abin da yad dame ni daban na. Akwai wata maƙwabciyata, dattijuwa mai jikoki. Anka yi walima, tana cin shinkahwa, wani yaro yad ɗauke ta hoto ba ta sani ba. Loma ga baki, ido ya hito, ɗankwali ya zame baya. Anka yanke huskar anka yi sitika, anka rubuta “a ƙaro miya”. Wasu sunka sauya, wanga shi sa “ina nama”, wancan shi sa abin da ba ni iya maimaitawa. Abin ya zagaye unguwa ba ta sani ba, sai da jikarta tag gan shi ga guruf na 'yan ajinsu, tad dawo gida tana kuka. Da anka gano yaron anka tsare shi, cewa yay yi, “Inna, meme na kawai.” Yanzu baiwar Allah ga ko suna ba ta son zuwa, in ta tahi ko ruwa ba ta sha gaban mutane. To Malam Sambo, wanga mim na ko ba mim ba na?

Malam Sambo Gawon Nama:
Innalillahi. Hajiya, in ma'ana za a bi, mim ne cikakke, tunda an ɗauka ana sauyawa. Kuma wannan ya fi ƙorafina na farko nauyi. Kalmar tana bayanin yadda abu ke yaɗuwa ne kurum, ba ta ce abin mai kyau ne ba, ba ta ce gaskiya ne ba, ba ta ce babu laifi ba. Ku tuna watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka tashi mutane cikin dare ta waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Wasu sun kwanta asibiti, har rai aka rasa. A ma'anar Dawkins wannan saƙon mim ne da ya yi nasara ƙwarai, don ya shiga kawuna da yawa cikin dare ɗaya. Yaron nan da ya ce “meme ne kawai” ya mayar da kalmar takardar izini. Kiran kankana meme kuskuren suna ne. Nasa kuwa fakewa ne da suna.

Bashar Mai Caji:
Allah ya sani ba na goyon bayan abin da aka yi wa Inna. Amma kar a yi mana kuɗin goro. Tunda WhatsApp ya kawo sitika a 2018 kowa da fuskar wani yake dariya. Wa ba shi da Pawpaw a wayarsa a nan? Kuma mu Hausawa da barkwanci aka san mu. Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, taubasai, jika da kaka. Yanzu duk mu daina?

Sadiya Minannata:
Yaya Bashar, Pawpaw ɗan wasa ne. Sunansa Osita Iheme, shi da Chinedu Ikedieze fim ɗin Aki na Ukwa ya fito da su tun 2002, wajen 2019 kuma guntayen finafinansu suka zagaye duniya har ƙasashen da ba su san Najeriya ba. Fuskar da yake yi, ya yi ta ne a gaban kyamara, yana sane, sana'arsa ce. Haka masu rawa da akwatin gawa na Ghana da suka cika wayoyi lokacin korona a 2020, aikinsu ke nan a bainar jama'a, shugabansu Benjamin Aidoo har hira ya riƙa yi da 'yan jarida yana murna. Inna abinci kawai ta je ci.

Dikko Arkilla:
Kuma barkwanci da ƙa'ida tai. Abokin wasanka ka sani, shi ma ya san ka, gaba da gaba kuka yi, in ka zuba mai shi rama nan take, a watse ana dariya. Tsohuwar ga wa za ta rama ma? Yara ɗari da ba ta sani ba?

Nasiru Tudun Wada:
Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba a iya janyewa. Akwai wani zanen kwaɗo, Pepe, da wani Ba'amurke mai suna Matt Furie ya ƙirƙira a 2005 don nishaɗi. Masu ƙyamar wasu jinsuna suka ɗauke shi suka riƙa sa shi a saƙonninsu, har a 2016 wata ƙungiyar yaƙi da ƙiyayya a Amurka ta sa shi a jerin alamomin ƙiyayya. Mai zanen ya shiga kotu da wasu, a 2017 ma ya zana kwaɗon a cikin akwatin gawa don ya kashe shi. Har yau yana yawo. Wannan mai lauyoyi ke nan da haƙƙin mallaka a hannu.

Barista Hauwa'u Runjin Sambo:
Tunda an ambaci lauyoyi bari in ce wani abu. Kalmar meme ba kariya ba ce a gaban alƙali. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana da sashe na 24, wanda ya tanadi tarar da za ta iya kai naira miliyan 7 ko ɗaurin da zai iya kai shekara 3. An yi ta kuka da shi saboda yadda aka riƙa kama 'yan jarida da masu sukar gwamnati, a 2024 aka yi masa gyara aka taƙaita shi, ya fi karkata ga batsa da ƙaryar da aka yaɗa da gangan don tayar da fitina ko jefa rai cikin haɗari. Don haka ba kowace sitika ce za ta shiga ƙarƙashinsa ba. Amma ɓata suna laifi ne mai zaman kansa, kuma wanda aka ɓata yana iya neman diyya. Ni dai a irin na Inna ba kotu zan fara ba da shawara ba, don shari'a ƙara yaɗa hoton za ta yi. A tara iyayen yaran da mai unguwa.

Malam Lawali Ƙofar Rini:
Kahin dokar 2015 akwai Suratul Hujurati, aya ta 11. An hana wasu mutane su yi ma wasu izgili, an ambaci mata daban, an kuma hana jihwar juna da miyagun laƙubba. Yanzu in yaran unguwa sunka koma kiran baiwar Allah ga “a ƙaro miya”, mi ya rage? Kuma wanda yat tura yana da kaso, ba wanda yay yanka hoton kaɗai ba.

Goggo Luba Mabera:
Wayyo ni. Ina jin ina da wagga sitika, wata ta turo man na aje ban san ko wa ta ba. Ƙaƙa aka hidda ta?

Bashar Mai Caji:
Goggo, ki aiko yaro da wayar shago gobe in cire miki, ba ko sisi. Amma ki sani daga taki kaɗai za ta fita.

Alhaji Yalli Admin:
To jama'a, an amfana. Daga yau a gidan nan ba a turo sitika ko hoton fuskar wani bawan Allah da aka ɗauka bai sani ba. Wanda ya turo zan goge, in ya sake in fitar da shi. Sunan da za ku kira hotunanku kuwa, mim ko me-me ko sara, wannan tsakaninku da Malam Sambo.

Bashar Mai Caji:
Ranka shi daɗe, 'yan siyasa fa? Tunda Tinubu ya ce “emi lokan” a Abeokuta a 2022, wato lokacina ne, har mai jiran layin cajin waya a shagona da ita yake karɓar tasa. Wannan mim ne ko a ma'anar Malam. In ɗan majalisa ya yi barci a zauren majalisa kyamara ta kama shi, shi ma Inna ne?

Barista Hauwa'u Runjin Sambo:
Ba ɗaya ba ne. Shi a bakin aikin da jama'a ke biyansa ya yi barcin, kuma ya san akwai kyamara. Amma in ka ɗora masa maganar da bai faɗa ba, ka tura kamar gaske, ka koma wancan sashen da na ambata.

Malam Lawali Ƙofar Rini:
Ni ban ga inda ayar tac ce ban da ɗan majalisa ba.

Dikko Arkilla:
Malam, ai nasiha ga shugabanni ta.

Malam Lawali Ƙofar Rini:
Nasiha da hoton mutum baki buɗe? Alhaji Yalli, ka bar wagga magana buɗe, bayan Isha'i ina da abin cewa.